Bilakberi a ƙauyukan Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya: shukawa ake yi ko tsinka kawai?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya ce ke tafe da ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, ku yi haƙuri.

Shekararmu biyu ke nan a wani ƙaramin ƙauye cikin gundumar Northamptonshire a Ingila, inda aiki ya kawo maigidana. Bayan gidanmu akwai doguwar hanyar ƙafa, hagu da dama shinge ne na itatuwa masu rai, kuma wata ƙaya mai yaɗo ta sarƙe shi tun daga ƙasa har sama. Da farko ban kula ta ba, sai dai ta kama mini gefen mayafi in tsaya in cire. Da watan Agusta ya kama sai na ga ta yi fal da 'ya'ya, wasu kore, wasu ja, wasu baƙi wuluk, duk a reshe ɗaya. Ita ce bilakberi.

Maƙwabciyata tsohuwa ce da ta haura tamanin, yarana Kaka suke ce mata, kuma ita ta koya mini tsinka. Ta ba ni aron wata sanda mai lanƙwasar kai, ta mahaifiyarta, wadda ake jawo reshen da hannu ba ya kaiwa. Ta ce in fara da ƙwayar da ke can bakin reshe, ita ke riga sauran nuna kuma ta fi su zaƙi. Muna tsinka tana ba ni labarin kakarta, wadda aka haifa a zamanin Sarauniya Biktoriya: wai idan Satumba ya zo yaran gidan kan kwana biyu ba su leƙa makaranta ba, suna bin shinge da kwando, abin da aka sayar a haɗa a yi wa ɗaya daga cikinsu takalmin hunturu.

Wannan takalmin ya tsaya mini a rai. Ni da nake tsinka don marmari, ashe wasu da ita suke rufe ƙafar ɗa. To abin da nake so in ji: mutanen wancan zamani shuka ta suke yi a lambu, ko dai a shinge kawai suke samu? In ba su shuka ba, me ya hana, alhali ga amfaninta? Kuma shingen nan ai na masu gona ne, ba a kama su da laifin sata?

Sai abu na ƙarshe. Shekaranjiya, 11 ga Oktoba, na ɗauki kwano zan fita, Kaka ta hango ni ta taga ta ce in mayar, lokaci ya wuce, Shaiɗan ya riga ya tofa mata yawu. Tana dariya ta faɗa, amma ba ta bar ni na je ba. Daga ina wannan magana ta samo asali?

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Anti. Kin taɓo inda nake karatu a kai, wato rayuwar leburorin gona a Ingila ƙarni na 19, don haka bari in fara kafin manya su zo.

Ki fara da shingen da kike bi. Yawancin shingayen Northamptonshire masu miƙewa sak ba tun fil'azal suke ba. Tsakanin 1750 da 1850 majalisar dokoki ta yi ta zartar da dokokin killace filaye, ƙauye bayan ƙauye, aka raba makiyayar da a da kowa ke da haƙƙin kiwo da yin itace a cikinta, aka mallaka wa masu hali, su kuma suka zagaye rabonsu da shinge. Masanin tarihin karkara Oliver Rackham ya ƙiyasta cewa an dasa shinge mai tsawon mil dubu 200 a wannan tsakanin. Abin da aka dasa wata itaciya ce mai ƙaya da ke hana dabba wucewa. Bilakberi ba a gayyace ta ba. Tsuntsaye ne ke cin 'ya'yanta, su sauka a kan shingen su yi kashi, irin ya tsiro. To kin ga, shingen da ya raba talaka da makiyayarsa shi ne kuma ya dawo yana ba shi kwandon 'ya'yan itace sau ɗaya a shekara. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Game da takalmi, Kaka ba ta ƙara gishiri ba. James Caird ya zagaya gonakin Ingila a 1850 zuwa 1851, ya samu matsakaicin ladan lebura a mako sule 11 da sisi a arewacin ƙasar, a kudu kuwa sule 8 da kobo 5, a kuɗinsu na lokacin da kobo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. A wasu sassan Wiltshire ma sule 7 ne. Burodi kaɗai kan cinye fiye da rabin wannan a gida mai yara da yawa. Takalmi, bargo, biyan bashin mai shago, duk sai an jira kuɗin girbi da ɗan abin da uwa da yara suka tattaro: kalar alkama bayan an kwashe, 'ya'yan itacen oak don aladu, sai bilakberi. Da jirgin ƙasa ya ratsa karkara, dillalai suka samu hanyar kai ta kasuwannin birni tun ba ta narke ba.

Batun makaranta kuwa a rubuce yake. Daga 1862 aka wajabta wa shugabannin makarantun da gwamnati ke tallafawa su riƙa ajiye kundin abin da ya faru kullum, kuma wani ɓangare na tallafin ya dogara ne ga yawan yaran da suka halarta. Idan ka buɗe kundayen makarantun ƙauye a shafin Satumba, za ka yi ta cin karo da ƙorafin cewa aji ya zama fayau, yara sun tafi tsinkar bilakberi. Dokar 1880 ta tilasta karatu daga shekara 5 zuwa 10, amma uwar da ke lissafin takalmi ba ta fasa tura ɗanta shinge ba. Ban ga laifinta ba, ban kuma ga na malamin da albashinsa ke raguwa ba.

A shari'arsu, abin da ya tsiro da kansa ba a shuka shi ba, tsinkarsa ba sata ba ce. A 1887 babbar kotu ta wanke wani da ya tsinci naman kaza, wato laimar kwaɗi da ake ci, a filin wani ba tare da ya yi wata ɓarna ba. Amma mai fili yana da ikon ya kore ka. Masu tsananin kora su ne masu gadin dajin farauta na manyan gidaje, don ana buɗe harbin tsuntsun fezan ranar 1 ga Oktoba, ba sa son yara su tarwatsa musu tsuntsaye ana saura kwanaki. Lebura kuma gidan da yake ciki sau da yawa na mai gonar ne, shi ya sa ko doka na bayansa ba ya ja da nisa. A bakin hanya dai babu mai hana kowa.

Baba Mai Lambu ya rubuta:

'Yata, sannu da wannan tambaya. Ɗana ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Ni ta ɓangaren shukar zan shigo, don shekara goma sha tara ke nan ina haya ɗan fili a lambun unguwa a nan Yorkshire, kuma rabin wannan shekarun da ita muke kokawa.

Dalilin da ya sa talaka bai shuka ta ba, sai kin san halinta. Saiwarta na daɗewa, amma kowane reshe shekara biyu yake yi. Shekarar farko tsawo kawai yake yi, ya kan kai mita uku ko huɗu, ya lanƙwaso kamar baka. Shekara ta biyu ya yi fure, ya yi 'ya'ya, ya mutu. Shi kuma bakin reshen nan da ya lanƙwaso, da zarar ya taɓa ƙasa a ƙarshen shekara sai ya yi saiwa, sabuwar shuka ta tashi. Haka take tafiya taku bayan taku. Lebura da ɗan lambunsa bai fi tabarma goma ba, yana son dankali da kabeji da wake da albasa, yaya zai ba da wuri ga abin da zai cinye masa filin, ga shi kuma kyauta a bayan gida? Abin da suke dasawa a gefen lambu ƙananan itatuwa ne masu zama inda aka ajiye su, irin su guzberi da karant. Manomi kuwa ciyawa ya ɗauke ta. Tana kama gashin tumaki, tunkiya ta maƙale ta kasa fita, don haka mai gyaran shinge idan ya zo da addarsa lokacin sanyi, ita yake fara sarewa.

Amma zan ɗan gyara wa ɗana, kada a tafi da cewa babu wanda ya shuka ta sam. Masu lambun manyan gidaje sun gwada. A Amurka tun wajejen 1850 aka fara zaɓar iri ana sayarwa, kamar Lawton da Kittatinny, aka kawo su Ingila da yabo mai yawa, amma ba su ji daɗin sanyi da ƙarancin ranar nan ba. Wadda ta karɓu ita ce mai tsagaggen ganye kamar na faski, ana ɗaure ta a jikin bango. Can ƙarshen zamanin ne loganberi ta iso, wadda ta fito a lambun alƙali James Logan a Santa Cruz ta Kalifoniya a 1881, haɗin bilakberi da rasberi. Ita ce ta koya wa masu lambu da yawa ɗaura irin waɗannan rassa a waya. Marar ƙaya da ake sayarwa yanzu, wannan sai a ƙarni na 20.

Akwai abin da nake so ki gwada baɗi. Ki ɗanɗana daga gindi biyar daban-daban a hanyar nan taku. Za ki ji wata zaƙi zau, wata tsami, wata duk ƙwaya. Ba ƙasa ce kaɗai ta bambanta su ba, iri ne daban. A Birtaniya akwai fiye da 300, saboda yawancinsu suna yin iri ba tare da haɗuwa da wata ba, 'ya ta fito sak uwarta. Malaman zamanin Biktoriya sun ba da rayuwarsu wajen rarrabe su. Charles Babington na jami'ar Kambirij ya fitar da littafi guda a kansu a 1869. Matan ƙauye ba su san sunayen Latin ba, amma kowace ta san gindin da ke riga nuna, da wanda ke fuskantar kudu yana shan rana, kuma ba kowa take faɗa wa ba.

Zancen Shaiɗan kuma, asalinsa ranar idin Mala'ika Mika'ilu ce a wurin Kiristocinsu, 29 ga Satumba. Tatsuniyar ta ce ranar aka jefo shi daga sama ya faɗa cikin ƙayar bilakberi, shi ya sa duk shekara yake dawowa ya tofa mata. Da Ingila ta canza kalanda a 1752 aka tsallake kwana 11, sai mutanen karkara suka riƙe tsohon lissafi, ranar ta koma 10 ga Oktoba, wasu wuraren 11. Camfi ne, amma akwai gaskiyar lambu a ƙarƙashinsa. A lokacin raɓa ta yi yawa, sanyin dare ya fara, ƙudaje sun huda 'ya'yan sun tsotse, fumfuna mai launin toka ta hau. Ki je ki duba da idonki, kada dai ki ci.

Hajiya Babba ta rubuta:

Uwar Biyu, ƙanwata, maza sun yi maganar shinge da kotu, ba wanda ya shiga kicin. Tsinka kyauta ce, amma bilakberi ba ta kwana biyu sai ta narke. Duk wahalar a wajen ajiya take, kuma ajiya sai da sukari.

A farkon mulkin Biktoriya, wato daga 1837, sukari kayan masu kuɗi ne saboda haraji. Dunƙule ake sayar da shi mai tsini, a gutsura da almakashi na musamman. Jam kuwa yana cin kusan laba guda ta sukari a kan kowace laba ta 'ya'yan itace. Ki auna wannan da ladan da ɗan nan ya lissafa. Saboda haka matar lebura a 1850 ba ta jera kwalabe a kanta kamar yadda ake zanawa a hotuna. Cin ta ake yi a lokacinta. Sai da aka soke harajin sukari gaba ɗaya a 1874, ga kuma sukarin gwoza mai araha yana shigowa daga Jamus da Faransa, sannan jam ya shiga gidan talaka. A wajejen nan ne masana'antun jam suka taso, Hartley's a 1871, Chivers a 1873, na Tiptree a 1885, har burodi da jam ya maye gurbin burodi da man shanu a gidaje da yawa.

Abin da aka fi yi da ita shi ne fudin. Yawancin gidajen ba su da oben, wuta ce a buɗe da tukunyar ƙarfe guda a rataye. Sai a kwaɓa fulawa da kitsen da ke jikin ƙodar saniya ko tunkiya, kitsen rabin nauyin fulawar, da ɗan gishiri da ruwa. A shimfiɗa, a zuba bilakberi da yankakken tuffa mai tsami, a naɗe, a ɗaure cikin ƙyalle, a jefa tukunya ya yi awa biyu zuwa uku yana tafasa. Na yi shi sau da yawa. Idan kin yanka, ruwan ya rina cikin ya yi ja-ja baƙi-baƙi, kuma yanki ɗaya ya isa ya riƙe mai aikin ƙarfi. Haɗa ta da tuffa ba don daɗi kaɗai ba ne. Bilakberi da ta nuna sosai ba ta da isasshen abin da ke sa jam ya kama, tuffa mai tsami ke cike mata, kuma tare suke nuna. Masu ƙin ƙwaya a haƙori sai su dafa, su rataye cikin ƙyalle ya kwana yana ɗiga, su dafa ruwan da sukari. Kada a matse ƙyallen, in an matse ba ya yin garau. Murfin kwalba takarda ce, a shafa mata farin ƙwai ta bushe ta kama baki.

Sun yi giya da ita, wannan ba namu ba ne. Amma wanda nake so ki gwada shi ne na khal, wato binega: a jiƙa 'ya'yan cikin khal kwana uku zuwa biyar, a tace, a tafasa da sukari, a adana. Cokali ɗaya cikin ruwan zafi suke ba mai mura da kaushin maƙogwaro. Ganyen da saiwar kuma akan dafa a sha don gudawa ko a kurkure baki, saboda ɗaurin da ke cikinsu.

Akwai wanda ke sa ni tausayi duk lokacin da na karanta. Reshen nan da Baba ya ce yana lanƙwasowa ya yi saiwa ta baki, ya zama kamar ƙofa. A wasu sassan Ingila, idan yaro ya kamu da tarin shiƙa sai a ratsa da shi ta ƙarƙashinsa sau da yawa, wai cutar ta tsaya a jikin ƙayar. Ba ya magani, kowa ya sani yau. Amma ki tuna babu rigakafi, likita sai da kuɗi, kuma tarin yana kashe jarirai. Uwa ce ta rasa abin yi.

Kafin ki dafa, ki jiƙa su cikin ruwan gishiri kaɗan na ɗan lokaci, ƙananan tsutsotsi za su fito.

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Na karɓi gyara, Baba, na gode. Hajiya, ƙari kaɗan a kan naki: harajin sukarin nan an dawo da shi a 1901 don biyan kuɗin yaƙin Afirka ta Kudu, shekarar da Sarauniyar ta rasu.

Kuma ba 'ya'yan kaɗai suke amfani da su ba. Dogon reshen akan kankare masa ƙaya, a tsaga shi, ya zama igiya mai ƙarfi. Da ita ake ɗinke amyar zuma ta karan alkama, da kwanduna irin wannan saƙa. A wasu maƙabartun coci kuma, talakan da ba shi da kuɗin dutse akan rufe kabarinsa da ciyawa mai saiwa, a ɗaure da rassan bilakberi don kada tumakin da ke kiwo a harabar su tone.

Uwar Biyu ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Baba, Hajiya, da kai ƙanena. Jiya da yamma na shiga wurin Kaka na fassara mata duk abin da kuka rubuta. Da na zo kan fudin sai ta tashi ta buɗe durowa ta fito da wani ƙyalle da ya sha wanki, tsakiyarsa har yanzu da shacin rini, ta ce na mahaifiyarta ne. Maganar kabari kuwa ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce kakar tata ta binne yara biyu a harabar cocin nan da ke ƙarshen layinmu, kuma babu dutse a kansu.

Baba, na je na duba kamar yadda ka ce. Waɗanda suka rage sun yi laushi, wasu sun yi furfura da fumfuna, ƙudaje na bin su. Amma na samu bakar da kuke faɗa, kusa da ƙofar gonar da ke fuskantar kudu, a gindin da Kaka ta ce ya fi kowane zaƙi a hanyar. Na ɗaga bakin reshen a hankali, ga fararen saiwoyi sun fara kama ƙasa. Mai gonar ya ce in ɗauka in ina so.

To yanzu, Baba, in yanke shi daga jikin uwar tun yau in sa a tukunyar shuka, ko in bar shi ya ƙara kamawa sai sanyi ya wuce? Bangon bayan gidanmu yana samun rana daga hantsi zuwa la'asar, kuma maigidana ya ce zai ɗaura mini waya layi uku.